Rumbu a Gajimare, Makulli a Hannun Wa?

A ƙasar Adar, in aka ambaci gajimare, gabas kowa ke ɗaga kai ya duba. Manomin Tamaske, da mai garkar albasa a kwarin Tarka, da makiyayin da ke bin duwatsun Buza, gajimare ɗaya suka sani: wanda kan haɗu da la'asar a tsakiyar damina, ko dai ya zubo a yi hamdala, ko kuwa iska ta watsa shi a koma gida jiki a sanyaye. To, ga shi zamani ya zo da wani gajimare na dabam, wanda ba ya cida, ba ya walƙiya, ba a kuma fita bayan gari roƙonsa. Samarin ma'aikata da suka fito daga jami'o'in Yamai da Tawa su ne ke yawan ambatonsa. In shugaban sarwis ya nemi wata taswira ko lissafin bara, sai yaro ya amsa masa: «Ranka ya daɗe, yana cikin gajimare.» Shi kuwa babba, don gudun a ce bai waye ba, sai ya gyaɗa kai ya wuce. Wannan gyaɗa kai yana iya jawo asarar da ta fi ta gobara a biro, don haka ya kamata a warware zancen tun daga tushe.

Abin da masana kwamfuta, wadda ma'aikata suka fi sani da ordinatar, ke kira gajimare, a ƙasa yake zaune daram. Manya-manyan gine-gine ne masu kama da magazar OPVN, sai dai maimakon buhunan gero, dubban injuna ne jere bisa kantoci, ana hura musu sanyi dare da rana. Kamfanoni irin su Amazon da Microsoft da Google ne suka gina su, suna ba da hayar wurin ajiya da ƙarfin lissafi ga duk wanda ya iya biya, ko yana ina. Amazon ce ta buɗe wannan kasuwa sosai a 2006. A nahiyar Afirka, Microsoft ta kafa nata manyan rumbuna a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ta bi baya a 2020, Google kuma a 2024. Ke nan takardar da aka ce tana cikin gajimare, mai yiwuwa tana Johanasbag, ko Faransa, ko wani ƙauye na Amurka da mai ita bai taɓa jin sunansa ba.

Fataken albasa ba su bukatar dogon bayani a nan. Wanda ya yi lodin kamyo a Madawa ko Galmi ya nufi Akara ko Abijan, ba ya gina rumfa a can. Yana da maigida mai sauke shi, ya aje masa kaya, ya nemo masu saye, ya cire la'adarsa. Sau da yawa ma mai kayan ba ya bin motar. Yana zaune a gida, saƙo kawai yake aikawa: a sayar da buhu kaza, a riƙe saura sai farashi ya tashi. Amfanin wannan tsari a fili yake, haɗarinsa kuma kowane falke ya san shi tun yana yaron mota: kayanka na hannun wani, a garin wani, ƙarƙashin dokar wani. Abin da ya rage maka shi ne amana, da kuma iya aika saƙon da ba shi da harshen damo.

Sai a ce, ina ruwan Keita da Buza da wannan? Ruwansu kuwa babba ne, kuma ya samo asali tun shekaru 40 da suka wuce.

A 1984, shekarar farin da ya haifi yunwar da mutane suka laƙaba wa El-Buhari, aka soma babban aikin raya ƙasar Adar-Dutsi-Majiya, wanda kowa ya fi sani da Furoje Keita. Italiya ta ba da kuɗi, hukumar FAO ta riƙa aikin, hukumar abinci ta PAM kuma ta riƙa biyan ma'aikata da cimaka. Mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsu a ka, suka haƙa ramuka a kan fako, mata ne, domin maza da yawa sun tafi bida. An datse ƙoramu, an jera duwatsu a gangare, an yi madatsan ruwa da hanyoyi da rijiyoyi. Daga baya aikin ya faɗaɗa zuwa Buza da Abalak. Lissafin da aka bayar na zuwa 2003 ya nuna an farfaɗo da fiye da hekta 34,000, an kuma dasa itatuwa wajen miliyan 18. Tun kafin wannan ma, daga 1975, ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji na Buza sun soma jera dogon yaro layi bibbiyu a kwarin Majiya, tazarar mita 100 tsakanin jeri da jeri, don kare gonaki daga iska.

Tambayar da ke biyo bayan kowane irin wannan aiki ita ce: me ya rage? Wane fako ne ya zama daji har yau, wane ne ya koma gidan jiya? Wace madatsa ce yashi ya cike? Mai ba da kuɗi yana son amsa kafin ya ƙara, magajin gari yana son ta kafin ya raba ɗan abin da ke hannunsa, mai sayen gero da wake ma yana son sanin inda ƙasa ta farfaɗo. Ba a iya zagaye duwatsun Garhanga da Ibohaman da Allakai da ƙafa kowace shekara. Sai daga sama.

A da, duba ƙasa daga sama aikin ƴan ƙalilan ne. Tauraron ɗan adam na Landsat, wanda Amurka ta fara harbawa a 1972, yana ɗaukar hoton kowane yanki yana komowa, amma hoto ɗaya ana sayensa ɗaruruwan daloli, wani zamanin ma dubbai. Dalar Amurka ake nufi, kada mai karatu ya ɗauka dalar kasuwa ce ta tamma biyar. Saboda haka hotunan Keita a Yamai ake nazarinsu, a cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974, ko kuwa a birnin Firenze na Italiya, inda masanan da ke bin diddigin furojen suke. Mutumin da ke zaune a wurin, shi ne na ƙarshen ganin taswirar garinsu. Har shahararren binciken nan da Gray Tappan na hukumar safiyon ƙasa ta Amurka ya yi tare da Chris Reij da masana ƴan Nijar, da kwatanta tsofaffin hotunan jirgin sama da sababbi aka yi shi. Hotunan Galma ta ƙasar Madawa, na 1975 da na 2003, sun zaga duniya, domin sun nuna gonakin da dā suke fayau sun cika da itatuwa, alhali mutanen garin ƙaruwa suka yi. Binciken ya kai ga ƙiyasin hekta miliyan 5 da manoman Nijar suka mayar wa itace da hannunsu, galibi a jahohin Maraɗi da Damagaram.

A 2008 Amurka ta buɗe taskar Landsat kyauta ga kowa. Turai ta biyo da nata tauraron, Sentinel-2, a 2015, shi ma kyauta. Sai dai kyautar ta zama irin ta raƙumi ga mai ɗaki ɗaya. Hoton Landsat guda na zamanin nan yana rufe faɗin kilomita 185, nauyinsa kuma kusan giga ɗaya ne, ga shi tauraron na komowa duk kwana 16. A lissafa na shekara 30. Babu rezon da zai sauko da wannan kaya a Buza, in ma ya sauko babu injin da zai niƙa shi. Dabarar da Google ta fito da ita a ƙarshen 2010, mai suna Earth Engine, ita ce a bar hatsin a rumbu kusa da injin niƙa. Hotunan na can, injunan na can. Mai bukata tambayarsa kawai zai aika, a niƙa a can, a maido masa da ɗan garin da ya nema. Da wannan hanya aka fitar da taswirar dazuzzukan duniya duka a 2013, daga hotuna fiye da 650,000.

Rumbun yana da ƙofa biyu. Ta farko ita ce wadda kowa ya saba da ita: shafi mai launi da hotuna da maɓallai, a nuna a danna. Tana da daɗin koyo, amma tana da nauyi, kuma wanda ya taɓa zama gaban allo a Keita yana kallon ɗan da'irar nan na juyawa, ya san haƙurin da take ci. Ta biyu ita ce layin umurni: baƙin allo fayau, da ɗan ɗigo mai ƙyaftawa yana jiran a rubuta masa abin da ake so. Tsofaffin sakatarori da akantocin da suka ga shigowar ordinatar biro a shekarun 1990 za su gane shi nan take, domin da irinsa suka fara, zamanin DOS da disket, lokacin da sai ka rubuta DIR kafin inji ya nuna maka abin da ke cikinsa. An ɗauka wannan zamani ya wuce. Ashe manyan rumbunan duniya da shi ake tafiyar da su har gobe. Kowane kamfani na da nasa ɗan aike: na Amazon sunansa aws, na Microsoft az, na Google gcloud, na taskar hotunan tauraro kuma earthengine.

A ɗauki misalin wani ma'aikacin gandun daji a Buza, wanda ya zagaye filaye 60 da aka farfaɗo, ya ɗauki iyakokinsu da wayarsa. Abu na farko, zai gabatar da kansa ga rumbun. Ya rubuta earthengine authenticate, a tantance shi, a aje wani ɗan makulli a cikin injinsa. Daga nan in ya rubuta earthengine ls, sai a jero masa duk abin da ke cikin ɗakinsa na can, kamar magajiya ta buɗe littafin kaya. Da earthengine upload yake shigar da iyakokin filayensa, bayan ya ɗora su a ma'ajiyar kamfanin. Shi lissafin kansa, wato a auna koren kowane fili shekara bayan shekara, da harshen Python ake rubuta shi, cikin layukan da ba su cika shafi biyu ba. In ya tura aikin, sai ya riƙa leƙawa da earthengine task list ya ga ko an gama, ko ana ciki, ko ya faɗi. Kalmomin Ingilishi ne, gaskiya, kuma wannan ƙarin kaya ne ga wanda ya yi lakwal da Faransanci. Amma waɗanda ake bukata kullum ba su kai 20 ba. Ɗan kamasho a tasha ya haddace fiye da haka cikin harsuna uku.

A nan ne sanin ƙasa ke shigowa, wanda babu injin da ke da shi. Wanda ya auna kore a watan Agusta, ciyawa da gero zai auna, in ma gajimaren Allah bai rufe wa tauraron ido ba. Mai hankali hotunan rani yake zaɓa, na Maris da Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe, duk koren da ya rage na itace ne ko na garka. Gawo kuwa, da yake shi a damina yake zubar da ganye ya tofo da rani, a wannan lokacin ne yake fitowa sarai. Yaron Adar ya san wannan tun kafin ya san baƙi.

Me ya sa baƙin allon ya dace da wurare irin waɗannan? Da farko dai ba shi da nauyi. Layin umurni ɗaya bai kai ko kusa da nauyin gaisuwar murya guda ta WhatsApp ba, don haka rezon da ya kasa buɗe shafi mai hotuna yana iya kai shi. Ma'aikatan da suka yi zamanin saƙon waya da na rediyon gwamnati sun san wannan hikima: kalma kaɗan, ma'ana a dunƙule. Sa'an nan aikin da aka riga aka tura, a can yake gudana. In kuran ya ɗauke a Madawa, ko batir ya mutu, injunan can ba su sani ba, suna ta niƙa. Gobe in wuta ta dawo sai a tarar da gari. Wanda ya tuna watan Agusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take ba ƙasar nan, ko ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Kodebuwa, rezo ya raunana a ƙasashe da dama har da Nijar, ba zai raina wannan ba.

Amma babbar fa'idar, wadda ta fi shafar aikin hukuma, ita ce umurnin da aka rubuta yana zama. Danne-dannen maɓalli ba su barin sawu. In aka tambayi mai dannawa bayan wata shida yadda ya samo adadinsa, sai ya hau sosa ƙeya. Shi kuwa mai rubutawa, yana jera umurnansa cikin fayil ɗaya, ya sa injin ya bi su daga sama har ƙasa. Abin da ya yi wa fili ɗaya, zai yi wa 60 ba tare da ƙarin gumi ba. Baɗi ya sake kunna shi a kan sababbin hotuna. In an yi masa canjin wurin aiki zuwa Difa, wanda ya gaje shi zai karanta ya ga kowane mataki, in akwai kure ya gano inda yake. Mai binciken kuɗi ma yana iya cewa a maimaita a gabansa. Ga ƙasar da rahotanni suka saba zuwa da adadi masu kyan gani da ba a san mafarinsu ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mai yiwuwa ma shi ya sa ba kowa zai yi maraba da shi ba.

Sai dai wuƙar da ke yanka nama ita ke yanka yatsa. Ɗan aiken nan ba ya gardama, kuma galibin umurnansa ba ya cewa «ka tabbata?». Yaron shago in aka ce masa ya zubar da kaya duka, zai tsaya ya dubi maigida. Shi wannan zubarwa yake kafin a ɗauke yatsa. Umurnin sharewa haruffa biyu ne kacal, rm, in aka ƙara masa -r kuwa sai ya kwashe ɗaki da duk abin da ke ciki, kuma babu kwandon sharar da za a koma a tona. Kada a ce wannan kuren ɗan koyo ne. Ran 28 ga Fabrairu 2017, wani injiniyan Amazon da ke gyara ya kuskure wajen rubuta umurni ɗaya, ya tsayar da injuna fiye da waɗanda ya nufa. Shafuka masu yawa a duniya suka durƙushe wajen awa huɗu. A watan Mayu 2024 kuma, asusun fansho na ma'aikatan jami'o'in Ostareliya, UniSuper, ya wayi gari an share masa rumbunsa a wurin Google, saboda wani gurbi da aka bari fayau tun ranar da aka kafa shi. Mutane fiye da rabin miliyan suka yi kwanaki ba su iya ganin ajiyarsu. Abin da ya taimaka wajen ceto su shi ne suna da kwafi, har da wanda suka aje a hannun wani kamfani dabam. Duk ma'aikacin da ke ƙidayar shekarun da suka rage masa ya huta, ya san abin da wannan labari ke nufi. Masu earthengine sun tanadi birki: in aka haɗa umurnin sharewa da kalmar --dry_run, sai a jero abin da zai tafi ba tare da an taɓa komi ba. Wanda bai saba da taka wannan birki ba, bai kamata a ba shi tuƙi ba.

Ga kuma zancen kuɗi, wanda ƴan kasuwa za su fi saurara. Earth Engine kyauta ne ga masu bincike da makarantu da ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, bisa sharuɗɗan da kamfanin ke iya sakewa in ya ga dama. Tun 2022 mai amfani da shi don kasuwanci biya yake. Sauran hayar gajimare kuwa, ko ta ajiyar lissafin shago ce ko ta injin da ke riƙe da littafin bashi, gwargwadon lokacin da aka riƙe ta ake ƙidaya ta. Layi ɗaya ya isa a tada inji, kuma in an manta ba a kashe shi ba, kamar kamyon haya ne da aka bari a tasha: ko bai motsa ba kuɗinsa na tafiya. Shigar da kaya galibi ba a biya, fitar da su ne ake biya, dabarar da kowane mai magaza zai yi wa murmushi. Faktir ɗin kuma da kuɗin waje yake zuwa, ta katin banki. Waɗanda suka kwana da bashin waje a watan Janairu 1994, suka tashi ya ninka saboda karyewar darajar sefa, ba sai an yi musu wa'azi ba. Maganin mantuwa shi ne a saba, kowace yamma kafin a rufe biro, a rubuta gcloud compute instances list a ga abin da ke kunne, kamar yadda ake zagaya shago a duba fitilu.

Duk waɗannan masu sauƙi ne a kan zancen makulli. Ɗan fayil ɗin nan da aka aje a injin ma'aikaci ranar da ya gabatar da kansa, shi ne hatimi, shi ne sa hannu. Duk wanda ya same shi ya zama mai rumbu. Akwai ɓarayin da sana'arsu ke nan a intanet: su tsinci makullin da aka yar, su tada injuna masu yawa da sunan mai shi, su bar masa faktir. Ordinatar da ake kai wa mai gyara a kasuwa, ko ake ba ƙane ya kalli fim, bai kamata makullin hukuma ya kwana a cikinta ba. Haka nan umurnin earthengine acl, wanda ke faɗin wa zai gani, wa zai taɓa: kalma ɗaya ta isa ta buɗe fayil ga duniya duka. Taswirar fako ba ta da sirri. Amma jerin sunayen matan da suka karɓi taimako, da ƙauyukansu da lambobin wayarsu, wani abu ne dabam, kuma tun 2017 Nijar na da dokar kare bayanan mutane, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai.

Ɓarawo ma ba shi ne babban abin tsoro ba. Abin da ya fi yawan faruwa ya fi wannan sanyi. Furoje ya zo, ya ɗauki saurayi mai ƙwazo, saurayin ya buɗe rumbu da adireshinsa na kansa domin shi ne ya fi sauri. Shekara uku ana zuba kaya: iyakokin filaye, zurfin rijiyoyi, sakamakon awo. Furoje ya ƙare, saurayi ya sami aiki a Wagadugu, ya canza lambar waya. Kayan na nan lafiya lau, babu gara babu ɓera, amma babu wanda ke iya shiga a duk faɗin gundumar. Ba a sace komi ba, ba a ƙona komi ba, ba kuma wanda za a tuhuma. A zamanin takarda, in furoje ya tashi akan bar kabad cike da rahotanni, ƙura ta rufe su, amma mai nema in ya yi haƙuri da atishawa zai samu.

Manyan hukumomi ma ba su tsira ba. Tsarin FEWS NET, wanda Amurka ta kafa a 1985 bayan yunwar Sahel da Habasha, shekara da shekaru yana ba da labarin damina da farashin hatsi a kasuwannin ƙasar nan, ma'aikata da ƙungiyoyi suna dogara da shi. A ƙarshen Janairu 2025, da sabuwar gwamnatin Amurka ta dakatar da taimakon waje, shafin ya rufe ɗungurungum, da duk abin da ke cikinsa. Sai a tsakiyar shekarar ya dawo. Watannin da ya yi a rufe kuwa su ne na shirin tunkarar bazara, lokacin da rumbunan talakawa ke soma ƙarewa. Wanda ya sauko da kwafinsa tun da wuri ya ci gaba da aiki. Saura suka zauna jira. Gobara ma tana cin gajimare: a watan Maris 2021 wuta ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a Strasbur ta Faransa, waɗanda kwafinsu ke wuri guda da asalin suka rasa duka biyun.

Tauraron kansa yana da iyaka, kuma gara a faɗe ta kafin wani ya ɗauki taswira mai launi ya mai da ita Alƙur'ani. Ɗigo ɗaya na hoton Landsat fili ne mai mita 30 kowane gefe, na Sentinel-2 mita 10. Ɗan gawon da manomi ya sassabe ya bari bara ba ya fitowa a ciki, shi ya sa taswirar dazuzzukan duniya ta 2013 ba ta ga galibin itatuwan gonakin Sahel ba. Sai da aka yi amfani da hotuna masu kaifi ƙwarai kafin wasu masana su ƙidaya itatuwa fiye da biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel, a binciken da aka buga a 2020. Tauraro kuma ba ya bambanta dajin da ke ciyar da awaki da ƙayar da ta mamaye makiyaya, duka kore ne a wurinsa. Dole dai a hau babur a je a gani, a tambayi tsohuwar da ta ɗauki duwatsun wurin a 1987.

Abin da ya rage aikin shugabannin sarwis ne da magadan gari da masu manyan shaguna, kuma ba ya bukatar su iya rubuta ko layi ɗaya. Ranar miƙa ragamar aiki, akan zauna a ƙidaya tebur nawa, kujera nawa, babur nawa da lambobinsu, har da fankar da ta lalace tun zamanin sufurfe, kowa ya sa hannu. A takardar nan akwai wurin ƙarin layi huɗu: da sunan wa aka buɗe rumbun, na hukuma ne ko na mutum, su wa ke riƙe da makulli, kuma an karɓe na mai tafiya ko ba a karɓe ba, ina fayil ɗin umurnan yake, yaushe aka sauko da kwafi na ƙarshe, a wane faifai, cikin wane kabad. Mai karɓar aiki yana da ikon cewa a kunna injin a gabansa, a rubuta earthengine ls, ya ƙidaya abin da ya fito ya gwada da abin da ke takarda kafin ya ɗauki alƙalami. Faifan kwafin kuma a naɗe shi a leda saboda ƙurar hunturu, a aje na biyu a Tawa.